Idan mawaƙi ya zama jarumin almara, su wa yake mayarwa dodanni?

Malamar Adabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai game da rubutattun waƙoƙin Ingilishi na ƙarni na 20, kuma ina so mu tattauna shi a tsanake, tunda a cikinmu akwai waɗanda suka riga ni shiga wannan fage.

Duk wanda ya karanta mawaƙan nan ya san ɗabi'arsu. Mutum zai so ya yi maganar kansa, sai ya ɗauko wani daga almarar mutanen da, galibi ta Girkawa, ya laɓe a bayansa ya yi magana. Manazarta sun cika littattafai da bayanin abin da hakan yake yi wa mawaƙin, ko ɓoye shi yake yi ko ƙara masa girma. Ni damuwata daban ce. Almara ba ta tafiya da mutum ɗaya. Ranar da ka ce kai ne jarumin, dole wani ya zama dodon, wata ta zama matar da aka ci gari saboda ita. Waɗannan gurabe kuwa mutane masu rai ake cusawa a cikinsu: matar mawaƙin, mahaifinsa, wadda ya nema ta ƙi shi. Babu wanda ya nemi yardarsu.

Ku dubi W. B. Yeats na ƙasar Ailan. Shekara da shekaru yana neman auren Maud Gonne tana ƙi, har ta auri John MacBride a 1903. A waƙarsa No Second Troy da ta fito a 1910 sai ya mai da ita Helen, matar da Girkawa suka ce saboda ita aka shekara 10 ana yaƙi har aka ƙone birnin Troy. Ya ce ba zai ga laifinta ba, irin kyanta da zafin zuciyarta ba na wannan zamani ba ne, kuma babu wani Troy da ya rage mata ta ƙona. A ido yabo ne. To amma Maud Gonne 'yar gwagwarmaya ce mai dalilanta. Ta tsaya wa manoman da ake kora daga gonakinsu a Donegal, ta kafa ƙungiyar mata masu neman 'yancin Ailan a 1900, an ɗaure ta a kurkuku a 1918. Waƙar ta shafe duk wannan, ta nuna siyasarta wani bala'i ne da aka halicce ta da shi, shi kuma ya fito a mai haƙurin da ya gane ƙaddara. Yau mafi yawan masu karatu ba su san matar nan ba sai ta bakinsa.

Tambayata ita ce, wannan adalci ne? Kuma idan ba adalci ba ne, yana rage wa waƙar daraja ko ba ruwan daraja da shi?

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malama. Ni ina ɗan taɓa rubuta waƙa da Ingilishi, don haka bari in kare mutanenmu. Idan aka cire Helen daga waƙar nan me ya saura? Wani mutum da budurwa ta ƙi yana ƙorafi. Wa zai karanta wannan bayan shekara 100? Almarar ce ta ɗaga abin daga tsegumin birnin Dublin ta kai shi inda ni da ke za mu ji shi a nan.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ɗan dambe idan ya shiga fili yana kirari, zai ce shi ne dodo, shi ne guguwa, abokin karawarsa kuma nama ne. Duk mai kallo ya san salo ne. Ba wanda zai je ya ce an ci mutuncin abokin karawar.

Malamar Adabi:
Ƙanena, abokin karawar yana nan a filin, shi ma ga makaɗinsa ga bakinsa, kuma an jima kaɗan za a ga wanda zai kai wani ƙasa. Ita Maud Gonne ta rubuta tarihin rayuwarta da kanta a 1938, amma mutum nawa ne a nan ya taɓa riƙe littafin? Shi kuwa an ba shi Nobel a 1923, ana koyar da shi a kowace jami'a.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yi muku albarka, kun taɓo abin da nake so. 'Yata, maganarki tana da ƙarfi a kan Yeats na tsakiyar rayuwa, amma kada ki tsaya a nan. Jarumin da ya fi daɗewa yana ganin kansa a cikinsa ba na Girkawa ba ne, na gida ne, Cuchulain, gwarzon tsofaffin labaran Ailan. Ya yi ta rubuta wasannin kwaikwayo a kansa tun daga 1904, inda jarumin ya kashe ɗansa na cikinsa ba da sani ba, sannan ya shiga teku yana saran igiyar ruwa da takobi. A watan Janairu na 1939, saura kamar mako biyu ya rasu, ya rubuta waƙa ta ƙarshe a kansa. A ciki Cuchulain ya mutu, ya isa ƙasar matattu da raunukansa, sai ya tarar waɗanda aka haɗa shi da su duk matsorata ne, waɗanda danginsu suka kashe ko suka kora saboda tsoro. Suka ce masa ya zauna ya ɗinka likkafani kamar kowa. Ya zauna ya ɗauki allura.

Tsohon da ya yi rayuwarsa yana ɗora wa kansa siffar gwarzo, a bakin kabari ya zaunar da gwarzon cikin matsorata. Ni a wajena wannan ne amfanin almara idan ta faɗa hannun mai gaskiya. Tana iya juyowa ta yi wa mai ita hukunci.

Sannan akwai wanda ya shiga almara don ya ɓace gaba ɗaya. T. S. Eliot ya rubuta tun 1919 cewa waƙa ba wurin zubar da abin da ke zuciyar mawaƙi ba ne, hanyar tserewa daga kai ce. Da The Waste Land ta fito a 1922 ba ka ganin Eliot a ciki, sai Tiresias, makahon bokan Girkawa da ya taɓa rayuwa a namiji ya kuma rayu a mace, da wani sarki mai rauni da ƙasarsa ta bushe saboda rauninsa. A 1923, da yake sharhin Ulysses, littafin marubucin Ailan James Joyce, ya faɗi dalilinsa: duniyar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta wargaje, almara ce kaɗai za ta ba ta tsari a kan takarda. Wa Eliot ya zalunta a nan?

Malamar Adabi:
Allah ya ƙara girma Baba. Waƙar likkafanin nan na karɓe ta hannu biyu, don a cikinta kansa kaɗai ya sa a gaba. Amma Eliot bai ɓace ba, Baba, wurin zama mafi tsawo ya zaɓa. Shi da kansa ya rubuta a bayanan ƙarshen waƙar cewa Tiresias ne mafi muhimmanci a cikinta, abin da ya gani shi ne waƙar. To me ya gani? Wata yarinya mai buga tafireta ta dawo daga aiki, ta ci abincin gwangwani a ɗan ɗakinta, wani ƙaramin akawu mai ƙuraje a fuska ya zo ya biya buƙatarsa da ita ba so ba ƙauna, ya lallaɓa ya fita. Mai kallon ya san komai tun kafin ya faru, ya ga sarakuna da matattu, su kuwa talakawan Landan ne da ko suna ba a ba su ba. Eliot a lokacin ma'aikacin bankin Lloyds ne a Landan, shi ma ɗan aikin ofis kamar su. Tiresias ne ya ɗauke shi daga cikinsu ya ɗora shi sama da su.

Kuma yanzu mun san abin da ke ƙarƙashi. A ƙarshen 1921 ya karɓi hutun wata 3 saboda lafiyarsa ta taɓu, ya tafi Margate a bakin tekun Ingila, daga nan Lausanne ta ƙasar Suwizalan wajen likita, a can ya haɗa waƙar. Aurensa da Vivienne ya zame musu azaba su biyun. Matar da ke magana a kashi na biyu, wadda ke roƙon mijinta ya yi mata magana shi kuma ya yi gum, duk wanda ya san gidan ya gane muryar. Da aka buga ainihin rubutun hannun a 1971 aka ga Vivienne ta karanta, ta yaba a gefen shafi, har ta ba da gyara. Ita ta ƙare a asibitin masu taɓin hankali daga 1938 har rasuwarta a 1947. Shi aka ce ya yi maganar wayewar Turai baki ɗaya, shekara ɗaya bayan rasuwarta aka ba shi Nobel.

Almajirin Zaure:
Ku yi mini afuwa in tsoma baki, ni ba fannina ba ne. Ina bin ku tun ɗazu, abin da ya tsaya mini shi ne duk waɗannan sunaye na gumaka ne da bokayen maguzawan Turai. Mutum Musulmi ya zauna yana nazarin wanda ya kira kansa da sunan gunki, ba matsala a ciki?

Baba Mai Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, tambayarka tana kan hanya. Amma ka tuna a zaurukanmu ana karanta waƙoƙin Jahiliyya, su Imru'ul Ƙaisi da Antara, don sanin harshe da halin mutane, ba wanda ya ce an bi addininsu. Yawancin waɗannan mawaƙa ma ba su yi imani da gumakan ba. Eliot ya zama cikakken ɗan cocin Ingila a 1927. Labaran sun zame musu kayan aiki ne da kowane ɗan makaranta a can ya sani, yadda in na ce maka wane Ƙaruna ne ba sai na yi bayani ba. Yeats ne mai ɗan rikitarwa, don shi ya shiga ƙungiyar masu sihiri, kuma ya gaskata cewa wasu ruhohi suna magana ta hannun matarsa. Akwai kuma namu na Najeriya guda biyu da lamarinsu ya sha bamban, za mu zo kansu.

Ɗan Tudun Wada:
Malama, misalanki duk maza ne suke yi wa mata. To ga Sylvia Plath, mawaƙiya 'yar Amurka da ta zauna a Ingila. A watan Oktoba na 1962, bayan rabuwarta da mijinta, mawaƙi Ted Hughes, tana tashi da asuba kafin yaranta biyu su farka tana rubutu kamar wadda ake kora. A Lady Lazarus ta zama Li'azaru, wanda Linjila ta ce Annabi Isa ya tayar daga kabari, sai dai ita mace ce kuma da kanta take dawowa, a ƙarshe ta tashi daga toka ta yi wa maza barazana. Macen da miji ya bari da goyo a ƙasar da ba tata ba, ta ƙi fitowa a abar tausayi. Idan ba da almara ba da me za ta yi wannan? Ko ita ma za ki ce ta yi zalunci?

Malamar Adabi:
Zan ce, kuma ina faɗa ne da ciwon zuciya don ina ƙaunar waƙoƙinta. Karanta Daddy da ta rubuta a wannan watan. Ta mai da mahaifinta ɗan Nazi, ta mai da kanta Bayahudiyar da ake turawa sansanin kisa a jirgin ƙasa. Otto Plath ya bar Jamus ya tafi Amurka a 1900 yana yaro. Malamin jami'a ne a Boston, masanin ƙwari, ya rubuta littafi a kan ƙudan zuma a 1934. Ciwon suga ya kashe shi a 1940 bayan an yanke masa ƙafa, tana da shekara 8. Laifinsa a wajenta shi ne ya mutu ya bar ta. Wannan ciwo ne na gaske, ban raina shi ba. Amma mutumin bai kashe kowa ba, kuma duniya ta san shi ne a wannan kama.

Na biyu ya fi nauyi. Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka hallaka ba almara ba ne. Lokacin da take rubutun, shekara 17 kacal da buɗe sansanonin, waɗanda suka tsira suna raye suna iya karantawa. Ta ɗauki mutuwarsu ta auna ɓacin ranta da ita. Manazarta irin su Irving Howe sun yi mata wannan tarke tun tuni, kuma ban ga an ba su amsar da ta gamsar da ni ba.

Ɗan Tudun Wada:
Ai ta yi bayani da za ta karanta waƙar a BBC, ta ce wata yarinya ce ke magana, mai irin ciwon Electra (wato shaƙuwar 'ya da mahaifinta fiye da kima), wadda mahaifinta ya mutu tana ɗaukarsa kamar Ubangiji. Ba ta ce ni ce ba.

Maman Biyu:
Sannunku. Ɗan Tudun Wada, wannan bayanin ma wata almarar ce ta ƙara a kan ta farko, ba ya wanke ta. Amma Malama, akwai rabin labarin da ba ki faɗa ba, kuma yana goyon bayanki ta wata fuskar. Abin da Plath ta yi wa mahaifinta, an yi mata wanda ya fi shi.

Kafin rasuwarta a watan Fabrairu na 1963 ta tsara diwanin Ariel da hannunta, ta rufe shi da waƙoƙin ƙudan zuma, inda amya ta jure hunturu tana jiran bazara. Wato labarin da ta so ta bayar game da kanta na wadda ta tsira ne. Da Hughes ya buga littafin a 1965 ya cire wasu waƙoƙi, ya sa waɗanda ta rubuta a makonninta na ƙarshe a ƙarshen littafin. Sai ya zama duk mai karatu yana ganin mace tana tafiya kai tsaye zuwa ga mutuwa. Sai a 2004 aka buga shi yadda ta tsara, 'yarta ta rubuta gabatarwa. Shekara kusan 40 ke nan ana karanta ta a yadda wani ya jera ta.

Sannan a 1998, watanni kafin ya rasu, ya fitar da Birthday Letters, waƙoƙi 88 kusan duk da ita yake magana. Akwai tausayi a ciki sosai, na yi hawaye a wasu. Amma jigon shi ne ƙaddara ce: taurari sun riga sun rubuta, mahaifinta dodo ne a cikin kogo yana jiranta, shi mijin tsautsayi ne ya sa ya tsaya tsakaninsu. Mutumin da ya bar matarsa ya bi wata, idan ya ba da labarin a haka, ina nasa alhakin ya shiga?

Ni shi ya sa na fi natsuwa da matan da suka zo daga baya. Louise Glück, wadda ta sami Nobel a 2020, ta rubuta Meadowlands a 1996 lokacin da aurenta ke mutuwa. Ta ɗauko Odysseus, jarumin Girka da ya daɗe bai dawo gida daga yaƙin Troy ba, da matarsa Penelope, amma ba ta ce ita ce matar kirki mai jira shi ne mayaudari ba. Ta ba ɗansu Telemachus baki, yaron yana kallon iyayen biyu yana ganin son kan kowannensu. A tsakanin waƙoƙin almarar kuma sai ka ji miji da mata na zamani suna cacar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Eavan Boland ta Ailan kuma tana da waƙa a kan Persephone, yarinyar da sarkin ƙasar matattu ya sace, uwarta ta fita nema. Ta ce tana ƙarama a Landan, baƙuwa, ita ce yarinyar da ta ɓata. Da ta haihu sai ta ga ta koma uwar. Tana tsaye a ƙofar ɗakin 'yarta budurwa, ta san za ta iya yi mata gargaɗi kada ta ci rumman, ɗan itacen da cinsa ya ɗaure Persephone a ƙasar matattu, amma ta ƙyale ta, don ita ma yarinyar tana da haƙƙin shiga labarin ta inda ta ga dama. Duk uwar da ta aurar da 'ya ta san wannan tsayuwar.

'Yar Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Yaya Malama, akwai wanda ya yi wa kansa tambayarki a tsakiyar aikinsa, Derek Walcott na tsibirin Saint Lucia, a Omeros da ya fito a 1990. Doguwar waƙa ce, littafi guda, baitoci masu ɗango uku-uku. Masunta biyu, Achille da Hector, suna rigima a kan wata 'yar aiki mai suna Helen. Akwai Philoctete mai gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa, wanda ya ɗauka gadon sarƙar da aka ɗaure kakanninsa ne. Hector ya sayar da kwalekwalensa ya sayi motar haya, ita ta kashe shi.

Abu biyu suka raba shi da Yeats. Sunayen ba shi ya ƙaƙaba ba, masu bayi a yankin Karebiyan sun saba raɗa wa bayinsu sunayen jaruman Girka da Rum, sunayen suka zauna. Tsibirin kansa an daɗe ana yi masa laƙabi da Helen, don Ingila da Faransa sun yi ta ƙwace shi daga hannun juna har sau 14. Wato almarar ta riga shi isa wurin, a jirgin 'yan mulkin mallaka ta zo.

Na biyun shi ne wanda ya sa nake girmama shi. A cikin waƙar akwai wani tsohon sojan Birtaniya, Manjo Plunkett, da ya duƙufa binciken tarihi wai don ya ba Helen matsayi. Can gaba sai mawaƙin ya gane shi da Baturen abu ɗaya suke yi, ɗaya da tarihi ɗaya da adabi, dukansu sun rufe matar. Ya tambayi kansa me ya hana shi ganinta yadda take, mace tana tafiya a bakin teku da takalmanta a hannu, ba tare da inuwar Homer, mawaƙin Girka mai labarin Troy, ba. Mutumin da kakanninsa maza Turawa ne, mata kuma jikokin bayi, wanda ya yi rayuwarsa yana tambayar na wane ɓangare ne shi, ya kai ga zargin ilimin da ya yi shi.

Malamar Adabi:
Ƙanwata, wannan wurin na san shi kuma yana taɓa ni. Abin da ya rage mini shi ne, ya yi tambayar ne bayan ya riga ya rubuta ɗaruruwan shafuka a kan inuwar, kuma bai koma ya goge ba. Helen har ƙarshe ba mu cika jin abin da ke ranta ba, kallonta ake yi. Ta ƙare tana raba abinci a otal ɗin 'yan yawon buɗe ido da cikin Hector a jikinta. Idan mutum ya ce na san abin da nake yi bai dace ba, sannan ya ci gaba, furucin ya isa?

Baba Mai Ritaya:
Wannan tambayar ita aka yi wa Seamus Heaney, mawaƙi ɗan Ailan ta Arewa, a 1975, kuma da zafi. Ya ga hotunan gawarwakin da aka tono daga fadamun laka na Denmak da arewacin Jamus a littafin P. V. Glob, mutanen da aka kashe shekara kusan 2,000 da suka wuce, laka ta adana su har da gashin kai. Lokacin ana tsakiyar rikicin Ailan ta Arewa. A diwanin North sai ya haɗa biyun, kamar dai ƙasa wata uwa ce da tun fil azal take neman jini. A waƙar Punishment yana kallon gawar da aka ɗauka ta yarinya ce da aka aske wa kai aka kashe saboda zina, sai ya tuna 'yan matan Katolika da mutanensu suka aske, suka zuba musu kwalta, suka ɗaure a jikin ƙarfe saboda sun yi soyayya da sojan Birtaniya. Ya ce da yana wurin da shiru zai yi, zai nuna ɓacin rai irin na wayayyu alhali can ciki ya fahimci ramuwar dangi.

Ciaran Carson, mawaƙi ɗan Belfast, ya rubuta cewa Heaney ya zama mai ƙera almara, yana sa kisa ya zama kamar abin da ba makawa, alhali waɗanda suka zuba kwaltar suna da suna da unguwa da dalilin siyasa. Ni ina ganin Carson ya yi gaskiya a kan diwanin, amma bai yi wa wannan waƙar adalci ba. Mutum ya tsaya gaban duniya ya ce ni ma ina cikin masu shirun, wannan ba neman girma ba ne. Wani abu kuma, binciken da aka yi wa gawar nan, wadda aka tono a Windeby ta arewacin Jamus, shekaru da yawa bayan haka ya nuna ta saurayi ce, ba yarinya ba. Labarin zinar masu tono ne suka ɗora mata. 'Yan matan Derry da Belfast kuwa na gaske ne, kuma ta dalilin waƙar har yau ana maganarsu.

Ɗan Tudun Wada:
Baba, ka yi alkawarin namu biyu. Ni a ganina su ne amsar Malama. Wole Soyinka ya ɗauki Ogun, abin bautar Yarabawa na ƙarfe da maƙera da hanya, musamman a waƙarsa Idanre ta 1967. Amma bai ɓoye cewa Ogun ɗin nan ne ya sha bammi a fagen yaƙi ya juya ya karkashe mutanensa na garin Ire ba. Ya zaɓi siffar da laifinta ke jikinta.

Christopher Okigbo kuma bai ari na kowa ba. Ya karanta adabin Girka da Latin a Ibadan, mahaifinsa malamin makarantar Katolika ne, amma ya buɗe Heavensgate a 1962 yana tsaye tsirara gaban Idoto, uwar rafin garinsu Ojoto, a matsayin ɗan da ya ɓata ya dawo gida. Danginsa sun ɗauka shi ne kakansa na wajen uwa ya dawo, wanda shi ne mai kula da wurin bautar. Bai mai da kowa dodo ba. Kansa ya miƙa, kuma ya cika: ya shiga sojan Biyafara, aka kashe shi kusa da Nsukka a 1967.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, a nan zan tsayar da kai. Wannan kalmar ta "ya cika" ita nake tsoro. Mun ɗauki mutuwar mutum mun mai da ita baitin ƙarshe na waƙarsa, abin da Hughes ya yi wa Plath ke nan da jerin shafuka. Okigbo bai tafi yaƙi don Idoto ta kira shi ba. An yi juyin mulki a Janairun 1966, an yi na Yuli, an kashe mutane a garuruwanmu na Arewa, ƙasa ta rabu, ya zaɓi ɓangare kamar dubban da ba su taɓa rubuta ɗango ɗaya ba. Ya bar mata, 'yar gidan sarautar Ibira ta Okene, da ƙaramar 'ya da ba ta kai shiga makaranta ba. Ali Mazrui ya rubuta littafi a 1971 inda aka gurfanar da shi a lahira bisa tuhumar ya sayar da baiwarsa saboda ƙabila. Ko wannan ma ban so shi ba, don shi ma ya mai da shi darasi. Mu masu karatu muna da hannu a abin da 'yata take ƙorafi a kai, ba mawaƙa kaɗai ba.

Ɗan Tudun Wada:
Na ji, Baba, kuma batun matarsa da 'yarsa ba abin da zan ce. Amma ban sauka daga kan maganata ba. A Path of Thunder, waƙoƙin da ya rubuta kafin a fara yaƙin, ya ambaci sunansa ƙarara, ya ce shi Okigbo mai shela ne da ƙararrawarsa ta ƙarfe, in bai koyi kame bakinsa ba zai halaka. A ta ƙarshe ya kwatanta kansa da ragon da ke jiran wuƙa, ya ce wannan ce wasiyyarsa. Ba Mazrui ne ya rubuta wannan ba, ba mu ba ne, shi ne, kuma yaƙin bai zo ba tukuna. Ban ce almara ce ta kashe shi ba. Abin da nake cewa shi ne mutum zai iya daɗewa yana faɗa wa kansa ko shi wane ne har ranar zaɓi ta zo ya kasa zaɓar wani abu daban.

Wanda yake da Labyrinths bugun Heinemann na 1971, don Allah ya ɗauko mana hoton gabatarwar da Okigbo ya rubuta da kansa ya sa a nan. A ciki ya yi bayanin yadda yake kallon mai magana a waƙoƙin, ina so Malama da Baba su karanta kafin mu ci gaba.